Ruwan Bagaja: Shin Abubakar Imam Ma Wankiya Ya Yi?

Mai karatu, wata gardama ce ta kaure a majalisarmu ta bakin titi a Kankiya, ita ta sa na ajiye sharhin fim a wannan watan na koma kan littafi. Ana cikin caccakar 'yan fim kan satar labarin Indiya, sai wani abokinmu furodusa ya harzuƙa. Ya ce a daina damun su, ai ko Abubakar Imam da ake ta kambamawa wankiya ya yi a Ruwan Bagaja, daga littafin Larabawa ya kwaso. Wasu suka yi masa caa kamar ya zagi iyayensu. Ni dai na yi shiru, domin rabin maganarsa gaskiya ce.

Imam, Allah ya jiƙan sa, yana koyarwa a Midil ta Katsina lokacin da Dakta Rupert East ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933. Shekararsa 22 kacal, wato bai ma kai ni ba. Gasar ce ta haifar da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Kuma Imam bai taɓa ɓoye cewa ya amfana da Muƙamatul Hariri ba, littafin nan na wani malamin Basra da ya rasu a 1122, wanda har gobe ana karanta shi a zaurukan malamanmu.

Da yake ni ba Larabci gare ni ba, sai na hau babur na nufi Kusada wajen wani dattijon malami, abokin mahaifina, wanda ya sauke littafin tun yana saurayi. Ya ce mini muƙama 50 ce, kuma kusan duk tafiyarsu ɗaya. Mai ba da labari, Harisu ɗan Hammamu, zai isa wani gari ya tarar da wani tsoho ya tara jama'a yana tatsar kuɗinsu da daɗin baki. Sai an watse ya gane ashe Abu Zaidi ne, mutumin Saruja, ya sake kama. Ya ɗan yi masa faɗa, su rabu, sai kuma wani garin.

Duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja ya ga inda aka ɗauko: Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, gari bayan gari suna kiciɓis, kowane karo sai an gama ɓarna sannan a gane juna. To amma a nan ne abokina furodusa ya yi tuntuɓe. Harisu ɗan kallo ne. Yana mamakin fasahar Abu Zaidi, wani lokaci ma a cuce shi, amma ba ramuwa ce sana'arsa ba. Imam kuwa ya ɗauki wannan ɗan kallon ya mai da shi tantirin ɗan duniya. A wajensa babu mai hannu da shuni a gaskiya, 'yan damfara biyu ne suke bin juna bashi, yau wannan ya ci, gobe wancan ya fanshe. Wannan ba daga Basra ta zo ba. Wasan 'yan uwa ne irin namu, irin na taubasai, irin tsokanar Bakatsine da Bagobiri, inda ba ka barin ta kwana kuma ba ka riƙe ta a zuci.

Ka tuna haɗuwarsu ta farko. Alhaji ya shiga garin jahilai ya kafa kansa a matsayin babban malami, alhali kansa ba komai. Zurƙe, wanda shi ne mai karatun gaske, ya zo zai tona masa asiri. Sai Alhaji ya zana wata lanƙwasa a ƙasa ya ce a karanta. Zurƙe ya dinga jero sunayen baƙaƙen da ta yi kama da su, Alhaji na cewa a'a, daga ƙarshe ya ce ai jinjirin wata ne. Mutanen gari suka duba suka ga lallai wata ne, suka kori mai ilimi da ihu. Muna firamare mun yi dariya har da riƙe ciki. Yanzu da na sake karantawa sai dariyar ta maƙale mini, domin na lura da wa nake taya murna: maƙaryaci. Malamin makaranta ɗan shekara 22 ya sa mu duka mun tsaya a layin jahilan garin muna tafi, ba tare da ya yi mana wa'azi ko na layi ɗaya ba. Mu kuwa a fim sai an kawo malami ko ɗan sanda a minti biyar na ƙarshe ya fassara mana abin da muka gama kallo.

Ba wai littafin ba shi da rauni ba. A ganina ruwan Bagajan kansa shi ne abu mafi rashin armashi a ciki. An ce Alhaji ya fita ne don ya wanke Liman, mijin uwarsa, daga wulaƙancin da Sarki ya yi masa a kan maganin ciwon Yarima, amma sai ka yi shafuka da yawa ba ka ji ɗuriyar wannan alwashi ba. Da aka zo ƙarshe kuma aljannu ne suka yi aikin, mutumin da ya rayu da wayonsa ya koma ɗan rakiya. Mata kuwa, ban ga wadda aka ba bakin magana na kirki ba. A nan su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa sun yi wa tsohon nisa, ko da masu raina adabin kasuwar Kano ba za su so jin haka ba.

Na koma majalisa na ce wa furodusan ya kawo mini fim ɗaya cikin na wankiya da aka juya halin tauraron Indiya har ya zama wani mutum dabam da za ka iya haɗuwa da shi a tashar Kankiya. Ya ambaci biyu, muka duba, sunaye da kaya kawai aka canza, har rawar tana nan inda take. Sai ya waske ya ce shi da zai sami kuɗi ma Ruwan Bagajan zai yi, kuma da Rabilu Musa Ibro bai rasu a 2014 ba, shi zai ba Zurƙe. Na ce ka ga inda ba ka karanta ba ke nan, ai Zurƙe shi ne malamin. Ibro Alhaji ya kamata ya fito, a tsugune yana zanen wata a ƙasa.