Masu Shimfiɗa Dogo a Tsakar Gida

Jirgin ƙasa bai taɓa ratsa Rijau ba, bai kuma taɓa shiga Kontagora ba. Da Turawa suka jawo layin dogo daga Jebba, ta Mokwa suka bi da shi zuwa Zungeru da Minna, suka bar wannan ɓangare na ƙasar ga jakuna, daga baya ga manyan motoci. Shi ya sa in kaka ta yi aka girbe dawa, yaran Rijau da na Tungan Magajiya suka baje a gindin bishiya da reza da tarin kara, abin da ke fitowa daga hannunsu mota ce: a-kori-kura, tirela, tankar mai, wani lokaci har da babur.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da gwanin wannan aiki ya san ba shirme ba ne. Ba kowane kara yake ɗauka ba, sai busasshe miƙaƙƙe wanda ƙwaro bai huda ba. Zai sa haƙori ko reza ya tsarge ɓawon siri-siri daga gaɓa zuwa gaɓa, har farar totuwar ta fito sumul. Totuwar ita ce katakonsa, ɓawon kuma shi ne ƙusarsa: ya fiƙe bakin, ya soka a wannan guntu, ya zarce da shi cikin wancan, su kama juna ba gam ba zare. Taya kuwa daga tsohon silifas ake yanko ta, ko daga sakaina. Ɓawon kara kaifi gare shi, da wuya ka ga mai wannan sana'a da yatsun da ba su sha yanka ba. Wanda ya ƙara girma sai ya koma gwangwanin madara da langa-langa da waya, ya nemo filaya da dalma.

Daga cikin irin waɗannan yara, a nan da sauran garuruwan Arewa, akan samu ɗaiɗaiku da mota ta daina isarsu, su ce jirgin ƙasa za su yi. Su ne nake jinjina wa, domin sun ɗauko abin da ya fi mota wuya nesa ba kusa ba. Motar kara tana da doguwar sanda da sitiyari, mai ita yana biye da ita, duk inda ya murɗa nan za ta nufa. Jirgi ba shi da sitiyari. Hanyarsa ce take juya shi. Saboda haka wanda ya ce zai ƙera jirgi ya ɗaukar wa kansa aiki biyu, abin hawan da kuma titin, kuma dole su dace da juna har kan abin da bai kai kaurin farce ba.

A ƙafa asirin yake. Ƙafar jirgi tana da leɓe ta ciki, wanda ke hana ta zamewa daga kan dogo, wannan kowa yana iya lura da shi. Abin da ba kowa ke gani ba shi ne fuskar ƙafar ba a miƙe take ba, a ɗan karkace take: ta wajen leɓen ta fi faɗi, ta waje ta fi tsukewa. Kuma ƙafafu biyun a kafe suke jikin sandar ƙarfe guda, tare suke juyawa. Ka kwantar da bokiti a ƙasa ka tura shi, za ka ga ba ya tafiya sak, sai ya riƙa zagayawa ta wajen gindinsa, don bakinsa ya fi faɗi. Haka jirgi yake shan kwana. Da ya shiga lanƙwasa, ƙafar waje sai ta hau ta wajen faɗinta, ta ciki ta koma ta wajen tsukewarta, ta wajen ta fi cin ƙasa a kowane juyi, jirgin ya bi kwanar da kansa. Mai ƙera ƙaramin jirgi da ya gane wannan ya huta da rabin wahala. Wanda bai gane ba zai yi ta ƙara wa leɓe tsawo, tarago yana ta kifewa a kwana ɗaya, yana zargin kara.

Sai kuma dogon da kansa. Tsohon layin Nijeriya, wanda ya tashi daga Legas zuwa Kano, tazarar da ke tsakanin ƙarafansa biyu ƙafa 3 da inci 6 ce, wato milimita 1,067. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ya fi shi faɗi, milimita 1,435, shi ya sa jirgin wannan ba ya hawa titin wancan. Wannan doka ba ta sassauta wa ƙaramin jirgi ba. Gwani yakan yanki ɗan guntun itace ya yi masa tsaga biyu daidai tazarar da ya zaɓa, duk inda zai kafa dogo sai ya ɗora wannan ma'auni, taki bayan taki. Ba ya yarda da ido a nan, ko da idonsa ya fi na kowa. Ya jera guntayen kara ko katako a gicciye, ya ɗaure miƙaƙƙiyar waya ko sirin langa-langa a kai, ya bi mahaɗar waya da waya ya goge ta har sai yatsa ya wuce bai ji tuntuɓe ba. Kwana kuma da igiya da ƙusa ake zana ta a ƙasa tukuna. In ta yi tsanani, dogon tarago ba zai sha ta ba, sai an yi masa irin dabarar manyan taragu, wato a tara ƙafafu huɗu a ƙaramin gado mai juyawa a kowane ƙarshe.

A ƙasashen Turai wannan abu ya daɗe da zama sha'awar manya, da kamfanoninsa irin su Märklin a Jamus da Hornby a Ingila. Awon da ya fi yaɗuwa a wurinsu shi ne kashi 1 cikin 87 na ainihin abu, inda tazarar dogo ke komawa milimita 16.5, mutum kuma bai wuce santimita 2 ba. A birnin Hambug akwai wani gida, Miniatur Wunderland, da aka buɗe a 2001, wanda tsawon ƙananan dogayensa ya haura kilomita 15. Abin kallo ne, ba musu. Amma yawancin kayan daga kwali ake fito da su a shirye, kuma babu shagon da zai sayar maka da tashar Zungeru a kwali. Wanda yake son jirgin ƙasarmu, da tashoshinmu, da kansa zai ƙera, kuma ni a wurina a nan gwanintar ta fi armashi.

Darasin da ya kamata a ɗauka a wurinsu shi ne na awo. Da zarar ka zaɓi kashi, komai sai ya bi shi: jirgi, gini, bishiya, akuya, mai tallan rake. Kara ba ya son ƙanƙantar da ta yi yawa, don haka kashi 1 cikin 24 ya fi dacewa da shi. A wannan awo tazarar tsohon layinmu za ta zama kusan santimita 4 da rabi, mutum ya zama santimita 7, taragon da tsawonsa ya kai mita 12 ya koma rabin mita. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙera kan jirgi mai kyau, sannan a tsayar da ɗan mutum-mutumin laka a gefensa wanda kansa ya zarce rufin tarago. Mai kallo ba lallai ya iya faɗin abin da ya ɓaci ba, amma zai ji a ransa cewa wani abu bai zauna ba.

To, daga ina awon zai fito? Hoton waya yana taimakawa, amma gani ya kori ji. Ɗan Rijau da yake son wannan aiki da gaske sai ya kama hanyar Kontagora, ya bi ta Tegina ya sauka Zungeru, in da hali ya ƙarasa Minna. Kowa ya san halin da hanyoyin nan suke ciki a 'yan shekarun nan, tafiyar sai da tambaya da shawarar manya. Amma wanda ya samu zuwa ya faɗa cikin tarihin dogo na Arewa tun daga tushensa.

A Zungeru aka fara. Bayan Turawa sun ci Kontagora a farkon 1901, Gwamna Lugga ya zaɓi garin ya zama hedikwatar Arewa, kuma garin ya riƙe wannan matsayi daga 1902 har aka koma Kaduna. Matsalarsa ita ce jiragen ruwa da ke hawowa Kogin Kaduna ba sa iya isa garin. Sai aka shimfiɗa ɗan siririn layi, mai tazarar ƙafa 2 da inci 6, daga Zungeru zuwa Wushishi a 1901, aka ƙarasa da shi Barijuko a 1902, duka-duka kimanin mil 22. Shi ne dogo na farko a Arewa. Bai yi tsawon rai ba. Da babban layi ya iso aka tumɓuke shi, kayansa suka tafi aikin ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da wuraren haƙar kuza a Jos, wanda shi ma aka rufe a 1957. Ɗaya daga cikin ƙananan injinansa masu aiki da tururi, ƙirar Ingila, an adana shi a tashar Minna.

Babban layin kuwa daga Baro ya taso, a bakin Kwara, inda jiragen ruwa ke sauke ƙarafa in ruwa ya cika. An fara aikin a 1907 zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda dama injiniyan dogo ne, aka bi ta Badeggi da Minna da Zariya, ya isa Kano a 1911. A 1912 aka haɗe shi da layin Legas ƙarƙashin hukuma guda. Abin da ya biyo baya labari ne da kowa ya sani: gyaɗa, auduga, fatu, dalar buhuna a Kano, da rassan da suka kai Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930. Reshen Baro zuwa Minna, wanda shi ne uwar tafiyar, ya daɗe da yin shiru.

Mai ƙera ba kallon 'yan yawon buɗe ido yake yi wa tsohuwar tasha ba. Abu na farko da zai lura da shi shi ne tsohon layinmu guda ɗaya tak ne, mai zuwa da mai dawowa duk shi suke bi. Saboda haka a tasha layin yake rabuwa biyu ko uku, wani jirgi ya raɓe ya jira wani ya wuce, sannan su sake haɗewa. Wannan ne dalilin da ya sa ake ganin ƙananan tashoshi a tsakiyar daji inda babu wani gari na kirki. Zai tsuguna a wurin rabuwar ya kalli siraran ƙarafan nan biyu masu motsi, waɗanda in an ja hannun ƙarfe suke mannewa da wannan gefe ko wancan, su karkatar da jirgi. Yin wannan da waya shi ne jarrabawar ƙarshe, da yawa sukan tsaya a zagaye guda saboda tsoronsa. Zai kalli launi: dogon da ake bi samansa yana ƙyalli gefensa ya yi tsatsa, wanda aka daina bi ya yi ja gaba ɗaya, ciyawa ta cinye tsakuwarsa. Zai kalli tankin ruwa a kan dogayen ƙafafu, na zamanin da inji ke cin kwal yana shan ruwa, da 'yar tagar sayar da tikiti, da rumfar kaya mai rufin kwano, da allon sunan gari. In babu abin awo, sai ya ƙirga taku, ko ya tsayar da abokinsa a bakin ƙofa ya ɗauki hoto, daga tsawon abokin ya fitar da tsawon ginin.

Amma kafin duk wannan sai an yi sallama. Ɓarayin ƙarfe sun yi wa layin dogo ɓarna a wurare da dama, saurayin da aka gani tsugune yana auna dogo ba tare da ya nemi izini ba zai iya kwana inda bai shirya ba. Ka nemi ma'aikatan tasha ka faɗi abin da ya kawo ka. In ka dace da dattijon da ya yi aikin reluwe, ka durƙusa ka ce, "Baba, sannu da hutawa, tambaya nake tafe da ita," to ka samu makaranta. Irinsu sun san dalilin kowane ƙarfe, kuma ba kasafai ake tambayarsu ba.

Sauran aikin na gida ne. A sami faifan katako ko kusurwar zaure da aka daɓe, a yi tudu da laka, a daka tsakuwa a tankaɗe a zuba tsakanin dogo. Hawa ba a tsananta shi, domin ƙafa mai santsi a kan waya mai santsi ba ta da riƙo. In tudu ya wuce santimita 2 ko 3 a kowace mita, sai ka ga ƙafafu suna juyawa jirgi na tsaye. Masu son ya tafi da kansa sukan ciro ƙaramin injin nan na cikin tsohuwar rediyo mai kaset, su haɗa shi da batir, su ɗaura 'yar roba daga bakinsa zuwa sandar ƙafa. Injin gudu gare shi fiye da kima, don haka sai an sa babban gargare a wajen ƙafa don a rage saurin a ƙara ƙarfin ja. Tarago mara nauyi kuma tsalle yake yi, shi ya sa ake ɓoye masa 'yan duwatsu ko tsofaffin notina a ciki, can ƙasa kusa da ƙafa.

Da za a tambaye ni wane layi ya fi dacewa ɗan ƙasar Kontagora ya fara da shi, da na ce na Zungeru zuwa Barijuko. Injinsa ƙarami ne, taragunsa gajeru, kwanoninsa matsattsu ne tun asali, ga kogi a gefe guda ga tudun bariki a ɗaya gefen. A kashi 1 cikin 24 tazararsa ba ta wuce santimita 3 da ɗan ɗoriya ba, zaure ɗaya ya ishe shi. Abin da za a kiyaye kawai shi ne gara da damina: a ɗaga katakon daga ƙasa, a shafa wa ƙafafunsa baƙin mai, taragun kara kuma a rataye su a rufi kafin ruwan farko.