Jinjina ga Masu Rubuta wa Ƙwayar Halitta Wasiƙa

A cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wani ɗan aike da masana ke kira mRNA. Shi ke ɗauko umarni daga DNA ya kai inda ake haɗa furotin. Wasu bayin Allah sun ƙarar da ƙuruciyarsu a ɗakunan gwaji suna koyon rubuta wannan saƙo da kansu, don jiki ya samar da abin da zai warkar da shi. Su nake yi wa jinjina.

Aiki ne na masu haƙuri. Haruffa huɗu kacal ake jerawa, amma sai an sa wa saƙon hula a ka, an ɗaura masa doguwar jela, an zaɓi jerin da ƙwaya za ta karanta cikin sauƙi, sannan a naɗe shi cikin ɗigon kitse don kada ya lalace a hanya. Duk da haka garkuwar jiki kan ɗauke shi ɓarawo ta far masa.

Nan Katalin Karikó, 'yar wani mahauci daga Hangari, ta yi shekaru tana fama. Kuɗin bincike ya ƙi samuwa, har aka rage mata matsayi a 1995, ba ta saki ba. A 2005 ita da Drew Weissman suka nuna cewa sauya fasalin harafi ɗaya, uridine, na kwantar da wannan faɗa. Daga baya aka ga furotin ma ya ƙaru.

Da korona ta ɓarke, kan wannan tubali Moderna da Pfizer-BioNTech suka gina rigakafinsu. A 2023 Karikó da Weissman suka karɓi kyautar Nobel, kuma wallahi sun cancanta.