Guzurin da Jaguar ya manta

Fim ɗin Jaguar na Jean Rouch, wanda ya fito a 1967, ya bi sawun samari uku ƴan Nijar zuwa Akra, bakin teku. Sun tafi da ɗan ƙunshi, sun zagaye ƴan duwan don rashin takardu, sun komo da tsarabar da suka rabar nan take. Kyawunsa ke nan: darajar matafiyi tana ga abin da ya kawo gida. Aibinsa kuwa, taƙamar Damure Zika ta danne ladabin baƙunta. Malamin da zai nuna wa ɗaliban Maijirgi shi, sai ya cike giɓin: a riƙe katin shaida da na rigakafin shawara, a fara da gaida mai masauki, a tambayi al'adar gari kafin a buɗe baki.