Waƙar Mutum Biyu A Gaya Da Ajingi

Wanda ya je biki Gaya ko Ajingi a wannan zamani, kafin ya ji kalangu sau ɗaya ya ji lasifika sau goma. Waƙoƙin da ke fita daga cikinta kuwa da yawa na mutum biyu ne, wannan ya ja baiti, wancan ya karɓa. Samarin da su ke sha'awar waƙa su ma haka su kan taso bibbiyu, su tsara kalmominsu da kansu, su bi ta Wudil zuwa Kano a ɗauki muryarsu.

Haɗuwar mawaƙa biyu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu cikin 1991, ya daɗe yana Daudun Kiɗi ga wansa Abdu Kurna kafin ya tsaya da ƙafarsa. Amma salon yanzu daga fim ya fito. An yi Turmin Danya a Kano cikin 1990, sa'an nan Sangaya ya fito cikin 1999 da waƙoƙin da a ka ɗora bisa fiyano, namiji da mace suna musayar baiti irin na finafinan Indiya. Bayan haka samarin Kano irin su Ali Jita da Nazifi Asnanic su ka yi waƙoƙi tare, su ka yi suna, daga baya kowa ya kama gabansa. Sawunsu ne ƙannensu na karkara su ke bi.

Abin yabo yana nan, ba a hana shi. A dā ɗan makaɗi shi ke kiɗa, wanda bai gada ba sai ya yi ta ɗaukar ganga shekaru kafin a ji bakinsa. Yanzu yara biyu masu basira sun isa. Ga shi kuma ɗaya madubin ɗaya ne: in baiti ya karye, abokin ya ji tun ba a fita da shi kasuwa ba.

To, amma aibi biyu ne su ka fi bayyana. Na farko, fiyano ya kori makaɗa da 'yan amshi. Mai kalangu yana kallon fage, in ya ga rawa ta yi sanyi sai ya matsa tsarkiya ya sake taki. Na'ura ba ta ganin kowa, yadda a ka ɗana ta haka za ta tafi har a tashi.

Na biyu ya fi ciwo, watau waƙar ba ta da gari. Sau da yawa a kan cire sunan wannan amarya a sa na waccan, shi ke nan an yi sabuwar waƙa. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu cikin 1999, in zai waƙe mutum sai ya ambaci garinsu da sana'arsa da abokansa, har mai sauraro ya ji kamar ya san shi. Ina waƙar da za a ji gyaɗa da gero a cikinta, ko ranar kasuwa, ko ɗan ci-rani mai barin gida da kaka ta wuce? Kayan aro ba ya rufe katara.

Masu tarihi sun ce maƙeran Gaya, Abagayawa, su ne su ka je gindin Dala neman tama, har sunan ɗayansu, Kano, ya bi birnin. Ashe kuwa bai kamata jikokinsu su tsaya ga sarin waƙa daga birni kaɗai ba. Su riƙe fiyano in sun so, amma su zauna da tsofaffin makaɗan ƙauyukansu tun suna da rai, su kai wa Kano abin da ba ta da shi. Allah ya sa su ji.