Maita a Labarin Binciken Kisa: Nazarin Ra'ayoyin Makaranta Game da The Pale Horse na Agatha Christie

1.0 Gabatarwa

A adabin Ingilishi akwai wani reshe na ƙagaggun labaran binciken kisa wanda a wannan takarda za a kira shi labarin bincike mai sanyin salo. Yawanci a ƙauye ake gina shi, ba a nuna zubar jini ƙarara, kuma mai binciken ba lallai ne ya zama ɗan sanda ba. Takardar za ta dubi yadda makaranta suka rarrabu a kan littafin The Pale Horse na Agatha Christie, wanda aka buga a 1961, domin a gano abin da shigar maita ke yi wa irin wannan labari.

2.0 Zubin Labarin

Labarin ya fara ne a Landan, inda aka kashe wani limamin coci mai suna Gorman bayan wata mata ta faɗa masa wasu sunaye a kan gargarar mutuwa. An tsinci sunayen a takarda cikin takalminsa, kuma bincike ya nuna masu sunayen suna ta mutuwa kamar da ciwon Allah da Annabi. Tauraron labarin, Mark Easterbrook, ya bi sawu har ƙauyen Much Deeping, inda mata uku, Thyrza da Sybil da Bella, ke zaune a wani tsohon masauki, ana kuma raɗe-raɗin suna kashe mutum daga nesa.

A ƙarshe ta bayyana cewa surkullen matan da yankan zakaransu rufa-ido ne. Gubar taliyam ce ake sa wa mutane cikin kayan amfaninsu na yau da kullum, zubewar gashin marasa lafiyar kuma ita ta tona asirin. Mai shirya kisan shi ne Osborne, mai kantin magani, wanda tun farko ya kawo kansa a matsayin shaida.

3.0 Rabuwar Makaranta

Kashi na farko su ne waɗanda warwarar ta gamsar. Hujjarsu tana komawa ga ƙa'idojin da Ronald Knox ya tsara a 1929, waɗanda ɗaya daga cikinsu ta hana a warware kisa ta hanyar gaibu. A ganinsu akwai alkawari tsakanin marubuci da mai karatu: za a ba shi alamu, shi kuma ya gwada basirarsa. In har maita na iya kisa, alamun ba su da sauran amfani, domin mai jifa ba ya barin sawu.

Kashi na biyu suna ganin an yi musu romon baka. An tsoratar da su da tsafi, sannan aka ce babu komai sai guba. Irin wannan ɗanɗano ya samu kasuwa daga baya, musamman a Amurka, inda ake rubuta jerin littattafai da mai binciken kanta ke da sihiri na gaske. Ko shirin talbijin da BBC ta yi daga littafin a 2020 ya bar ƙofa a buɗe game da ƙarfin matan, abin da bai yi wa masu kishin asalin littafin daɗi ba.

Kashi na uku sun karanta littafin a matsayin ilimi. Christie ta yi aikin haɗa magani a asibiti lokacin yaƙe-yaƙen duniya biyu, saboda haka ta siffanta alamun gubar daidai. A 1977 aka ruwaito yadda wata ma'aikaciyar jinya a asibitin Hammersmith na Landan ta gane cutar wata yarinya da aka kawo daga Katar, domin tana karanta littafin a lokacin, aka kuma ceci yarinyar. A ɗaya ɓangaren, da aka kama Graham Young a 1971 bisa sa wa abokan aikinsa wannan guba, an samu masu fargabar cewa irin wannan littafi na iya zama darasi ga mugu.

4.0 Tsokaci

Kashi na farko da na biyu, duk da saɓaninsu, sun haɗu a wuri guda: dukkansu sun ɗauki maitar a matsayin tarkon da aka ɗana wa mai karatu kawai. A ganin wannan takarda, aikinta a labarin ya wuce haka. Mai son a kashe masa wani ba ya furta kalmar kisa. Yakan je wurin wani korarren lauya mai suna Bradley a Birmingham su yi caca a kan ran mutumin, sannan ya halarci tsafin matan. Abin da yake saye da kuɗinsa shi ne kwanciyar rai, domin hannunsa bai taɓa kowa ba, kuma babu kotun da za ta yarda an yi kisa da surkulle. Shekara goma kafin fitowar littafin, wato a 1951, Ingila ta soke dokar maita ta 1735. Ashe ke nan kafircewar hukuma ga maita da imanin mai saye da ita duk sun zama garkuwa ga mai guba.

Abu na biyu shi ne inda zargi ke sauka. Idon ƙauye, da na mai karatu, yana kan mata uku marasa maza masu baƙin hali, alhali mai laifin dattijo ne mai sana'a da mutunci. Bahaushen mai karatu ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin ya san a kan wa zargin maita ya fi faɗawa a unguwa: tsohuwa marar gata. Sai dai littafin na da rauni ta wannan fuska. Da zarar an kama Osborne, marubuciyar ta juya wa matan baya, ba ta zurfafa a kan nauyin alhakinsu ba, ƙauyen ma bai wuce fagen wasa ba.

Akwai kuma batun kalma, wanda ya shafi manazarta harshe kai tsaye. Kalmar Ingilishi guda ɗaya ce ke ɗauke da abin da Hausa ta raba zuwa maita da sihiri da sammu da jifa. Maye, a al'adar Bahaushe, kurwa yake kamawa don kwaɗayin kansa, ba a ɗaukarsa haya. Abin da matan Much Deeping ke iƙirarin yi ya fi kusa da jifa, irin wanda ake biyan boka ya yi. Mai fassara da ya kira su mayu zai sauya wa Bahaushe ma'anar labarin, domin zai ɗauke alhakin daga kan mai biyan kuɗi, wanda a kansa jigon ya tsaya.

5.0 Kammalawa

An ga cewa saɓanin makaranta ya taso ne daga abin da kowa ya zo nema: wasan basira, ko tsoro, ko ilimi. Ƙimar littafin tana cikin nuna yadda imani da maita ke amfanar wanda bai yarda da ita ba. Ya kamata duk mai niyyar fassara irin wannan labari zuwa harsunan Nijeriya ya fara tantance kalmomin harshensa a kan tsafi, kafin ya sa wa matan suna.