Wai Shin Gungu Gidan Aljanu Ne?

Kwanan baya a teburin wani mai shayi a Jega na kalli wani fim mai dogon zango a waya. Ba zan kama suna ba, don ba shi kaɗai ne mai laifin ba. Jirgin jarumin ya kife, ruwa ya kai shi wani gungu, sai ga mutanen wurin sanye da ganye, fuska duk bula, ba su da magana sai ihu. Kash! Wani direba da ke zaune kusa da ni, mai bin hanyar Maiyama da Koko zuwa Yawuri, ya yi tsaki ya ce, "Waɗannan ba su taɓa ganin Bagunge ba."

Gaskiyarsa. Gungawa nan jihar Kebbi suke, a masarautar Yawuri. Su Bareshe suke kiran kansu, harshensu kuwa Tsureshe. Bahaushe ne ya laƙaba masu sunan wurin zamansu a tsakiyar kogin Kwara. Manoma ne kuma masunta, kuma sun daɗe da shahara a noman albasa, sana'ar da mutumin Aliero ke tinƙaho da ita. Gungu mafaka ce, domin ƙetara ruwa mai zurfi da doki abu ne mai wuya. A rikicin sarauta na ƙarni na 19, fadar Yawuri kanta sai da ta koma gungun Ikum kafin ta zauna a Yelwa a 1888. Ina aljani a nan?

Abin da ya fi ci mani rai shi ne labarin da darakta ya tsallake. A 1968 aka kammala madatsar Kainji, ruwa ya shanye tsibirai da garuruwa, aka tashi mutane sama da 40,000, Gungawa na ciki, aka zuba su a gidajen siminti a kan tudu. Ka ɗauki dattijo guda wanda gonarsa da kabarin mahaifinsa ke ƙarƙashin tafki, jikansa kuma ba ya jin komai sai Hausa. Wannan ai ya isa fim, ko babu rawa da waƙa.

Mai ɗaukar hoto dai ya yi ƙoƙari, musamman fitowar hantsi a kan ruwa. Amma marubucin da furodusan, da sun hau mota sun kwana biyu a Yelwa, sun zauna da masu kwalekwale, da ba su ɗinka wa kowa ganye ba.