Babin sanyin ƙashi: abin da na karɓa da abin da na mayar

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wannan shi ne babi na bakwai cikin kundin, warƙa ta 14 zuwa ta 16, kuma babu babin da ya tsayar da ni kamarsa. Kwafi biyu ne a hannuna. Na farko na Damagaram, wanda na gada a gafakar malamina, Allah Ya jiƙansa. Takardarsa mai alamar wata uku ce, irin ta Italiya da fatake ke kawowa ta Tarabulus, kuma an sa masa wasali da jar tawada. Na biyu an aro mini shi daga wajen Madawa, hannunsa ya fi kyau, amma mai kwafar bai dawo ya sa wasali a waɗannan warƙoƙi ba. Babu sunan mawallafi a ko ɗaya, babu shekara.

Zan fara da yabo, domin ya cancanta. Mutumin nan ya zauna da marasa lafiya. Ya san cewa mai sanyin ƙashi ya fi shan wuya da asuba, cewa ɗari na tayar da ciwon, cewa gwiwa takan saki in an ɗan taka. Magungunan da ya fara kawowa duk na bayan fata ne: a dafa ɓawon hano a yi wanka da ruwan da ɗumi, a gasa ganyen tumfafiya a ɗaura a gaɓa, a daka citta da kanumfari a kwaɓa da man kaɗe a murza. Hano dangin itacen lubban ne, kuma har yau da shi tsofaffinmu ke wanka. Ni kaina shekara tara ke nan ina murza citta da man kaɗe a gwiwar hagu cikin hunturu. Ba ta warke ba, ba kuma na sa ran ta warke, amma ina kai sujada. Sai dai ya manta ya gargaɗi mai ɗaura tumfafiya cewa ƙaron nan fari nata, in ya shiga ido, ɓarna yake yi. Na ƙara wannan a gefe.

To, ga wurin da ya sa na rubuta wannan sharhi da tsawo. A ƙarshen warƙa ta 15 ya ambaci saiwar sanya, itacen nan mai fure shuɗi-shuɗi da ake ce wa uwar magunguna. Ka sani, ya kai mai karatu, a ajami sanya da sanyi baƙaƙensu ɗaya ne, sin da nun da ya. Wasali bisa ko wasali ƙasa kaɗai ke raba su. A kwafin Madawa, da yake babu wasali, mai karatu zai iya cewa saiwar sanyi, ya tafi ya tono duk saiwar da ƴan garinsu ke kira maganin sanyi. Kwafin Damagaram ya warware wannan, jar tawada ta zauna bisa harafin sarai. Amma shi kuma yana da nasa aibi, wanda ya fi muni. Kalmar da ke faɗin yadda za a yi da saiwar ta faɗo a ƙarshen layi, bakin takarda ya cinye, abin da ya rage shin da alif. Mai karatu zai ce a sha. A kwafin Madawa kalmar na tsakiyar layi, cikakkiya, da fa ɗinta mai ɗigo a ƙasa: a shafa.

Ko babu kwafi na biyu, maganar da kanta ta isa shaida. Kafin kalmar ya ce a kwaɓa garin saiwar da man kaɗe, bayanta ya ce mai ciwo ya zauna a rana har jiki ya shanye. Wa ke shan abu ya zauna a rana yana jiran fata ta shanye? Kuma duk wanda ya taɓa tono sanya ya san warinta, irin na man zafin da ake sayarwa a kantin magani. Ba kama ba ce kawai: masana sinadarai sun samu abu ɗaya ne a cikinsu, ɗan uwan asfirin. A fata yana ɗumama gaɓa ya rage zogi. A ciki, in ya yi yawa, dafi ne, ya kuwa kashe mutane.

Ina faɗin wannan da kunya, domin laifina na ciki. Shekarun baya na bar wani almajirina ya ɗauki hoton waɗannan warƙoƙi a inji, ban duba ba, ban karanta masa ba. Ya karanta a sha, ya jiƙa wa gwaggonsa saiwar. Ta kwana tana amai da zawo, da safe aka kai ta likita a amalanke, ta yi kwana huɗu ana ƙara mata ruwa. Allah Ya yi da sauran kwananta. Waɗannan hotuna suna nan suna yawo hannu zuwa hannu, na ga ɗaya a kasuwar Maraɗi wajen mai sayar da littattafai. Wanda duk ke da shi, don Allah ya ɗauki alƙalami ya ƙara fa. Wannan ne dalilin da magabata suka ƙi a ɗauki ilimi daga takarda ba malami.

Wannan kuskuren takarda ne, ba na mawallafi ba. Nasa kuskuren biyu ne.

Na farko, ya tara ciwo iri-iri a ƙarƙashin suna ɗaya, sanyi. Malaman ɗibbu na Larabci ba su yi haka ba. Ibnu Sina a cikin Alƙanun ya raba ciwon gaɓoɓi da niƙris da irƙun nasa, ya kuma raba mai zafi da mai sanyi. Gwiwar tsoho da ta goge daban. Niƙris daban, wanda ke kama babban yatsan ƙafa cikin dare, ya yi ja, ko zane mutum ba ya so ya taɓa shi. Wannan in ka murza masa citta ka zaunar da shi a rana ka ƙara masa azaba. Gaɓar da ta kumbura da zafi tare da masassara ita ma daban, sau da yawa mugunya ce a ciki, kuma kwanaki kaɗan sun isa ta lalace. Abin da ya fi sosa mini rai layin da ya yi a kan jariri mai kumburin hannu da ƙafa, mai kuka in an taɓa shi, ya ce sanyi ne ya sha a nono, a ba uwar jiƙon kanwa. Siffar da ya bayar ta amosanin jini ce, wanda ake gado daga uwa da uba gaba ɗaya, ba daga nono ba. Ban zarge shi ba, domin a zamaninsa ba a auna jini. Mu kuwa ana aunawa, har akwai cibiya ta musamman a Yamai. Malamin da zai karanta wa uwa wannan layi yau ya sallame ta da kanwa, shi ba shi da uzuri.

Na biyu, ba ya faɗin awo. Kaɗan, ko gwargwado, shi ke nan. Littafin Arrahma fiɗ ɗibbi wal hikma, wanda ake jingina wa Imam Suyuɗi kuma babu zauren da ba a san shi ba, yakan faɗi dirhami da misƙali, ga shi kuwa alama ta nuna mawallafinmu ya karanta shi. A abin shafawa rashin awo da sauƙi. A kanwa da abin sha ba haka ba, ballantana ga tsoho mai hawan jini ko mai ciwon ƙoda. Kalmar mujarrabi ma ya rubuta ta sau goma sha ɗaya cikin warƙa uku, har ta daina auna komai.

A warƙa ta 16 ya kawo hadisin kitsen wutsiyar tunkiya da Ibnu Majah ya ruwaito game da irƙun nasa, sai ya shimfiɗa shi a kan kowane ciwon ƙafa. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan hijira, ya yi bayani a Zadul Ma'ad cewa wannan magana an fuskantar da ita ga mutanen Hijaz da makiyayansu, gwargwadon ƙasarsu da abin da dabbobinsu ke ci. Tumakinmu ma wutsiyarsu siririya ce, ba irin waccan mai kitse ba. Game da ƙaho ban saɓa masa ba, in wanzami ya zo da sabuwar reza. Ƙuna da ƙarfe kuwa ya yabe ta ba tare da ya ambaci cewa Bukhari ya ruwaito hani a kanta ba, kuma wannan ba ƙaramin tsallake ba ne ga malami.

Abu ɗaya na so a ce ya ƙara, tunda masu zuwa wurinsa masallata ne. Risala ta Ibnu Abi Zaid ta ba marar lafiya damar salla a zaune in tsayuwa ta gagara, da taimama in ruwa zai cutar da shi. Na san tsofaffi da ke tilasta wa gwiwa zaman tahiya har su kasa tashi, suna zaton sallar zaune ragowa ce.

A wannan bugu na bar matanin yadda yake, ban goge layin jariri ba, domin ba haƙƙina ba ne in gyara wa mamaci maganarsa. Na dai sa masa alama da bayani a ƙasa. Kalmar shafa na cika ta daga kwafin Madawa, wasalin sanya na ɗauke shi daga na Damagaram. Allah ne Mafi sani.